Shekarar da Na Riƙe Shari'ar Makanikan Cikaji

Yaran da ake turo mini daga makarantar horon lauyoyi ba sa yin mako guda a ofis ba su tambaye ni abu biyu ba: wace na'ura za su saya, kuma yaya za su yi sunansu ya fita. Wata ma ta ce mini aikin lauya yanzu ya zama wasa, tunda komai yana cikin waya, sai dai a latsa a kwafo a sa hannu. Ban yi mata gardama ba. Na ce ta jawo kujera in ba ta labarin inda na koyi aikin, kuma shi ne zan maimaita muku a nan.

Sunana Ladi. A jami'ar da ke Zariya na yi karatun lauya, a farkon shekarun dubu biyu kuma na sami gurbin aiki a wani ofis da ke saman bene a Sabon Gari. A ƙasanmu masu sayar da kayan gyaran mota ne, saboda haka duk wanda zai hau wurinmu sai ya tsallake tayoyi da jarkokin baƙin mai. Mai ofishin sunansa Barista Okechukwu, amma duk Sabon Gari Lauya Oke ake ce masa, mu kuma mu ce Oga. Tun yana saurayi ya zo Zariya daga Gabas. Hausarsa ta nuna sosai, har karin magana yake yi, sai dai bai taɓa raba namiji da mace ba. Ni da shi har muka rabu "kai" yake ce mini.

Aikina na farko takardar yarjejeniyar hayar shago ce. Na rubuta ta da hannu, na zuba mata manyan kalmomin da na haddace, na kai masa ina jiran yabo. Ya karanta, ya aje, ya sa aka kira mai shagon, wata dattijuwa mai sayar da atamfa. Ya ce in bayyana mata abin da na rubuta da Hausa, sakin layi bayan sakin layi. Kafin in kai rabi na ga wurare da dama da ni kaina ban san me nake nufi ba. Da matar ta fita ya ce mini duk abin da lauya ya kasa faɗa wa wanda ya kawo aikin da harshen kasuwa, to kada ya sa shi a takarda. Haka ya koya mini rubutu.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Akwai tafireta biyu, ɗaya ta hannu ɗaya ta lantarki, da takardar kabon, da wayar tebur wadda rabin shekara a mace take, da littattafan hukunce-hukunce cike da bango. Sakatariyarmu Madam Titi, Bayarbiya ce haifaffiyar Sabon Gari, ita ke buga komai. In an yi kuskure a shafi na ƙarshe, ko Oga ya sauya ra'ayi a kan jimla guda, sai a sake buga shafin gaba ɗaya, ita kuma ta yi ta mita da Yarbanci. In ana neman wani tsohon hukunci da ba mu da shi, ni ce zan hau bas zuwa jami'a, in wuni a ɗakin karatu, in dawo da yatsu duk ƙura da shafuka biyu da na kwafo. Wahala ce, amma wanda ya wuni yana neman hukunci ba ya manta abin da ke cikinsa. Ku da kuke samunsa cikin ƙiftawar ido, ina roƙonku ku riƙa karanta shi daga farko har ƙarshe, ba taƙaitawar sama kawai ba.

Da wayar salula ta shigo, ina cikin waɗanda suka fara saya a layinmu. Oga ya ƙi. Ya ce wanda yake nemansa ya san matakalar benen. Ni kuwa ranar da na gane amfaninta, wani direban tirela ne aka tsare a ofishin 'yan sanda ranar Asabar, matarsa ta sami lambata wurin wata 'yar cocinmu, ta kira ni daga rumfar buga waya. Kafin la'asar na karɓi belinsa. Da a da ne sai ya kwana biyu a can kafin a ga ofis a buɗe. Tun daga nan na ɗauki wata al'ada: duk wanda muke riƙe da shari'arsa, in aka ɗage zama, sai in kira shi ko in tura masa saƙo in gaya masa me ya faru da kuma ranar da za a koma. Abin ba ya cin minti biyu. Amma mutum ba ya jin haushin ɗage shari'a kamar yadda yake jin haushin a bar shi cikin duhu.

Kwamfuta ma da kyar ta shiga ofishin. Na daɗe ina yi wa Oga naci kafin ya yarda aka sayo wata ta hannu, mai ƙaton kai kamar talabijin. Madam Titi ta ɗauke ta kishiyar tafiretarta, ta rufe ta da zane, sai da ta ga ana gyara jimla ba tare da an sake buga shafi ba, sannan ta sauko. Ni da ita muka riƙa zuwa wani kafe na intanet a Samaru da rana, cikin ɗalibai masu surutu rabi Hausa rabi Turanci, har muka iya tura imel.

Ta fannin neman masu kawo aiki, kun san dokar sana'armu ta hana lauya tallar kansa kamar mai maganin gargajiya, ta kuma hana shi bin mutane a harabar kotu yana roƙon aiki. Oga bai taɓa ƙetare wannan ba. Abin da yake yi shi ne, babu jana'iza ko suna ko ɗaurin aure na wanda ya taɓa yi wa aiki da ba za a gan shi ba, a coci ne ko a ƙofar masallaci. Ga shi da wani kamfani a Cikaji da ya ɗauke shi lauyansa na dindindin, wanda shi ne ke riƙe da yawancin hidimar ofis. Mu uku ne ƙananan lauyoyi a ƙarƙashinsa, amma duk wanda ya hau benen nan Lauya Oke yake nema. In ba ya nan, sai mutum ya ce zai dawo. A lokacin ban ga illar hakan ba.

Shekarar da na ga illar, abubuwa uku ne suka haɗu. Kamfanin Cikaji ya rufe, masu shi suka tattara suka tafi. Ba a daɗe ba ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki, aka garƙame ƙofa. Ana cikin haka, wata safiya Oga ya faɗi a gidansa yana shirin fita, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma da kyar ake ganewa. Abokan aikina biyu suka sami gurbi a Abuja da Kaduna, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da iyalinsa. Waɗanda muke riƙe da shari'o'insu suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar fayil ɗinsu, suna ba ni haƙuri. Mai benen ya fara kawo mutane suna leƙa ɗakunan. Ya rage daga ni sai Madam Titi.

Na je gaishe da Oga na gaya masa halin da ake ciki. Matarsa ta zaunar da shi a kujera a baranda. Ya daɗe yana haɗa kalmomin kafin su fito.

"Kotu a rufe," ya ce. "Gari a buɗe. Kai fita."

Na fita. Na roƙi shugabar zumuntar matan cocinmu ta ba ni ɗan lokaci bayan taro, na yi musu bayani a kan abin da ya kamata mace ta duba kafin ta sayi fili, da amfanin rubuta wasiyya. Ban ce kowa ya zo wurina ba, ban raba kati ba, tambayoyi kawai na amsa. Wani coci ya ji ya gayyace ni, daga nan ƙungiyar 'yan kasuwa, daga nan masu gidajen haya na Palladan da Samaru waɗanda kullum suna rigima da ɗalibai. Na zauna na tsara takardar haya mai sauƙi a kwamfuta, da Turanci da fassarar Hausa, wadda zan gyara wa kowa daidai da gidansa. Masu sayen filaye a Zabi suka fara kira na in je in duba musu kafin su biya. Na hau acaɓa har sai da baƙin siket ɗina ya koɗe. Ƙananan ayyuka ne waɗanda manyan lauyoyi ke rainawa, amma su suka riƙe ƙofar ofis a buɗe, kuma su suka sa aka fara hawa benen ana cewa Barista Ladi ake nema.

A irin wannan yawo ne na haɗu da Baba Ayuba, shugaban makanikan wani babban fili a Cikaji. Dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, hannunsa duk tabon ƙarfe. Wani attajiri mai gidajen mai ya kai su ƙara, yana cewa filin gadonsa ne, gona ce da ake nomawa har 'yan shekarun baya, makanikai suka shigo masa da ƙarfi. Yana so kotu ta tashe su. A filin nan akwai masu gyaran inji, da masu walda, da masu fenti, da masu gyaran wuta, da mata masu sayar da abinci, Hausawa da Inyamurai da Yarbawa da mutanenmu, kowa da bakin da yake ciyarwa. Baba Ayuba ya ce tun yana matashi hukuma ta kwashe su daga bakin titi ta zuba su a wurin, amma waɗanda suka yi maganar duk sun mutu ko sun watse.

Bai ɓoye mini ba cewa Lauya Oke suka so. Wasu cikin mutanensa ma sun ce a nemi namiji mai furfura daga Kaduna. Ya dube ni ya ce, "'Yata, in muka faɗi, ba mu da inda za mu. Za ki iya?"

Na ce masa, "Baba, ba zan yi maka alkawarin nasara ba, don ba ni ce alƙali ba. Amma duk abin da ya faru, daga bakina za ka fara ji."

Ya ce wannan ya ishe shi.

Lokacin da aka buɗe kotu, an riga an sauya ƙa'idojin babbar kotu. A da sai ranar zama shaida zai zo ya faɗi abin da ya sani. Yanzu dole ne tun farko a rubuta bayanin kowane shaida, ya yi rantsuwa a kai, a haɗa da duk takardu a shigar gaba ɗaya cikin ƙayyadadden lokaci. Ofisoshin da suka tsaya a kan tafireta sun sha wuya a shekarar nan. Mu kuwa sai ga ranar kwamfutarmu ta zo. Na karɓi lambobin waya daga bakin wannan zuwa na wancan, har na gano tsofaffin makanikan da suka fara zama a filin, ɗaya a Jos, ɗaya a Kano, ɗaya ya koma Ilori. Na yi magana da kowannensu, na rubuta, na karanta masa ta waya ya gyara, sannan ƙungiya ta kawo su suka yi rantsuwa.

Ana saura 'yan kwanaki wa'adin ya cika, aka yi ruwa da tsawa da rana tsaka, aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙara ta mutu, har da warin ƙuna. Madam Titi ta ɗora hannu a ka. Abin da ya cece mu shi ne, duk ranar da muka yi aiki sai in kwafa a filas, 'yar na'urar ajiyar bayanai, in biya kafe in tura wa kaina ta imel. Washegari muka je Samaru muka buga komai a can. Shi ya sa har yau ba na barin yaro ya tashi daga aiki sai ya aje shi a wuri biyu. Na'ura baiwa ce mai ƙwazo, amma ba ta sallama in za ta tafi.

Abin da ya fi taimakona a shari'ar kuwa ba a na'ura na same shi ba. Na ga ya kamata in taka filin da ƙafata, lungu lungu, maimakon in tsaya a rumfar shugaba. A can ƙarshen filin, bayan masu fenti, na tarar da gawar wata tsohuwar babbar mota, ta nutse a ƙasa har rabin ƙafafunta. Ta tsakiyar ƙarfen ƙasanta wata bishiyar dalbejiya ta fito, ta girma har sai mutum ya buɗe hannu biyu kafin ya rungume ta, kuma gindinta ya haɗiye ƙarfen ta ɓangare biyu. Su makanikan ba su ɗauke ta komai ba, inuwar cin abincinsu ce kawai. Na ari kyamarar zamani wurin wani mai hoto, na ɗauke ta ta kowane gefe, na haɗa da takardunmu.

Ranar da zan yi wa babban shaidan attajirin tambayoyi, matar Oga ta kawo shi kotu. Bai sa baƙar riga ba, bai zauna a layin lauyoyi ba. Can baya ya zauna cikin makanikai, sandarsa tsakanin ƙafafunsa. Shaidan wani mutum ne da ya rantse cewa shi ya riƙa noman filin da hannunsa har kwanan baya. Na bi shi a hankali. Na tambaye shi me yake shukawa, ya ce masara. Na ce duk filin ko wani ɓangare, ya ce duka, daga wannan iyaka zuwa waccan. Na ce akwai wani ƙarfe ko mota a ciki lokacin, ya ce ko ƙusa babu. Na ce bishiya fa, ya ce fili ne fetal, babu ko ɗaya.

Sai na ƙara da cewa, "Ka tabbata babu bishiya ko ɗaya?"

Ya dubi lauyansu, ya ce to, wataƙila akwai 'yan ƙanana da bai lura da su ba. Na zauna.

Na roƙi kotu ta je ta ga wurin da idonta, aka amince. Mai shari'a ya zo da magatakarda da ɗan sanda, cikin rana, ya bi ta tsakanin injuna da ramukan duba ƙasan mota har gindin dalbejiyar. Ya zagaya ta, ya sa hannu ya taɓa inda itace ya haɗiye ƙarfe. Ya tambayi shaidan ko ta nan ma ya yi noma. Mutumin ya ce ba ya tunawa. Mai shari'a ya yi rubutu ya koma mota.

An ɗauki watanni kafin hukunci. Duk zaman da aka ɗage, kafin in cire hular lauya nake kiran Baba Ayuba. Ranar da aka yanke, kotu ta kori ƙarar, ta ce mai ƙara bai tabbatar da mallakarsa ba, kuma shaidar nomansa ba abin gaskatawa ba ce. Makanikan ba su yi ihu a kotu ba, don na gargaɗe su. Baba Ayuba ya kama hannuna da nasa biyu, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya juya da sauri ya fita. Bayan wannan ban ƙara neman aiki ba. Duk mai motar da ya kai gyara Cikaji yana da rigimar fili ko ta haya, sai an ba shi lambata kafin a ba shi makullinsa.

To ga amsar tambayoyinku biyu, gwargwadon abin da na sani. Ku sayi na'urar da za ku iya, ku koye ta sosai, amma ku taka fili da ƙafarku. Kada ku jingina ofis a kan mai kawo aiki guda, komai girmansa, kada kuma ku bar shi a kan sunan mutum guda, ko da naku ne. Ku je inda mutane suke ku amsa musu tambaya kyauta da harshen da suke ji. Kuma kada ku yi saurin barin wanda kuke koyo a wurinsa don kun iya latsa abin da shi bai iya ba.

A ƙarshen shekarar 'ya'yan Oga suka zo ɗaukarsa zuwa gida Gabas. Ya sa aka rubuta takarda ya bar mini ofis da littattafan. Ranar tafiya makanikan Cikaji suka zo da yawa, su suka ɗaure kaya, su suka duba motar tun daga taya har inji. An riga an zaunar da shi a gaba sai ya yafito ni da hannun hagu. Na sunkuya ta taga, ina tsammanin sallama ce ko addu'a. Tun ranar da ya zo kotu bai taɓa ce mini komai game da shari'ar ba.

"Shaidan nan," ya ce, a hankali. "Ya ce babu bishiya. Kai, ka riga ka ci. Me ya sa ka sake tambaya?"

Na ce, "Oga, so na yi in tabbatar."

Ya girgiza kai. "In ya ba ka, karɓa. Zauna." Ya ɗan huta, sannan gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. "Sauran, daidai ne."

Direba ya tayar da mota. Muka tsaya da Madam Titi da Baba Ayuba har suka sha kwana. Daga nan na hau acaɓa na koma ofis, don wani mai gidan haya daga Palladan yana zaune a kan matakala tun safe yana jira na.